Jitar da Na Kai Sakkwato a Cikin Leda

Mun tashi tun gari bai gama wayewa ba, ni da mai buga mana ganga, daga tashar motocin Sakkwato da ke Kaduna. Ku da kuke zuwa kulob kuna tambayar inda na shiga makon jiya, har wasu na cewa na gudu Ikko da kuɗin ariyas, to ga inda na je. Sakkwato na tafi na kai wata jita a duba mini, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bayana bai daina ciwo ba.

Bari in fara da jitar, don wanda bai san zancen ba. Ni akawu ne a ma'aikatar gwamnati, ranakun Asabar da Lahadi kuma ina kaɗa jita mai lantarki a ƙungiyarmu. Akwai wani samfurin jita na Amurka da aka daina ƙerawa tun ina firamare, baƙa wuluk, mai nauyi, wadda duk makaɗin hailaif da ya san kansa yake mafarkinta. Kwanan baya kamfanin ya sake ƙera ta, wai komai da komai irin na da, mu kuma muka raɗa mata suna maimaici. Guda ɗaya ce ta iso Kaduna, a kantin wani ɗan kasuwa mai sayar da rediyo da garmaho. Kuɗinta kuwa sun tashi daidai da kuɗin filin da ni da maiɗakina muka yi ciniki a bayan Tudun Wada. Abin da muke da shi a duniya shi ne ariyas ɗin ƙarin albashi da gwamnatin soja ta biya mu, da ɗan abin da muka tara. Ko dai jita, ko dai fili, ba za su ishi duka biyun ba.

Ɗan kasuwar ya karɓi kuɗin cif, da sharaɗin in na mayar da jitar kafin mako ya ƙare ba ko ƙwarzane a jikinta, zai ba ni kuɗina. Mai fili ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata. Maiɗakina ba ta hana ni ba, cewa kawai ta yi in kai wa wanda ya san ta gaskiyar ya gani, in ya ce ba ita ba ce in mayar. Wanda ya san ta gaskiyar kuwa mutum ɗaya na sani a duk Arewa, tsohon malaminmu na firamare a Zariya, mutumin Filato, wanda ya fara ɗora yatsuna a kan wayar jita. Shi ne mai ta asalin. An yi masa canjin aiki zuwa Sakkwato tun zamanin Jihar Arewa, ya yi ritaya a can.

Akwatin jitar kuɗinsa daban, in ji ɗan kasuwar, don haka a kwalin da ta zo daga jirgi na ɗauko ta. Motar irin doguwar nan ce mai kujeru layi uku. Na so in rungume kwalin a cinya, direba ya ce sai dai in biya masa kujera. Muka yi ta ja har na haƙura aka sa shi a but, a kan buhunan wata mata mai kai kaya Gusau.

Daga Kaduna zuwa Zariya ba mu da abin cewa, sai manyan motocin siminti da ba sa kauce wa kowa. Tun da kuɗin mai suka zo ƙasar nan kowa gini yake yi, kuma da alama duk simintin ta hanyarmu yake bi. Bayan Zariya muka tarar da shingen sojoji. Da aka buɗe but, wani kofur ya ga dogon kwali, ya ja da baya ya gyara riƙon bindigarsa. Na ce masa jita ce. Ya ce in jita ce me ya sa take da nauyi haka. Kafin in kwance igiyar a hankali ya sa wuƙar bindiga ya farke bakin kwalin. Da ya ga jita ce ya yi dariya, ya ce shi ma ya taɓa kaɗawa a bariki, ya tambayi kuɗinta. Na faɗa masa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa direba mu tafi, mai wannan kayan ba shi da lafiya.

A Funtuwa muka tsaya karin kumallo. Masu abinci su ma sun ji labarin ariyas, ko da yake ba a ba su ko kwabo ba. Kwanon shinkafa da wake da nake ci sule biyu bara, yanzu ya kusa ninkawa, kuma waken sai ka yi nemansa. Mai tuwon har yanzu da sule da fam take lissafi, yaran mota da naira da kwabo, ana ta musu a kan canji. Abokin tafiyata bai damu da wannan ba. Shi mutum ne da Allah ya yi wa ciki, kuma ba shi da ko sisi a cikin wannan magana, ya biyo ni ne don bai taɓa ganin Sakkwato ba. Ya ci shinkafa, ya ci ƙosai, ya sayi rake na hanya.

Daga nan hanya ta lalace. Ana sabon titi, sai a sauke ku daga kwalta a bi da ku ta cikin gonakin auduga, ku yi ta tsalle kanku na bugun rufin mota, a sake hawo da ku. Rana ta yi sama, bazara ce sosai. Da muka isa Gusau aka buɗe but don matar nan ta sauke kayanta, sai ga jarkar manjanta ta buɗe tun ban san ina ba, ƙasan kwalina ya jiƙe sharkaf ya yi ja. Na yi maza na zaro jitar. Allah ya kiyaye, man bai kai gare ta ba, amma kwali kam ya gama aiki. Matar ta fi ni faɗa, wai kwalina ne ya danne mata murfi.

To a nan ne na yi dabarar da na ga ta fi kowace dabara. Kun san halinmu, sabon abu mai tsada ba ma raba shi da leda. Mutum zai sayi mota ya yi shekara yana zamewa a kan kujera don kada ya cire ledar. Rediyo, kujerun falo, keken ɗinki, duk a cikin leda suke tsufa. Ni kuma da ke riƙe da kayan da ba a so ya ƙwarzane, me ya fi mini leda? Na bar abokina riƙe da jitar a inuwa, na shiga kasuwa na yanko ledar tebur mai kauri, mai jajayen furanni, irin wadda ake shimfiɗa wa baƙi. Farar takardar da ta zo da ita daga kamfani na rufe gabanta da ita, sannan na naɗe ta tamau da ledar, na ɗaure da igiya sama da ƙasa. Kujerar matar manja ta zama ba kowa, na biya, na zaunar da jitar kusa da taga kamar amarya.

Wajen Talata Mafara motocin aikin dam ne ke ta kai da kawowa. Daga nan itatuwa suka fara raguwa, ƙasa ta yi fari, raƙuma suka fara bayyana a gefen hanya ɗauke da kaya. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa. Kowa a motar ya yi laushi, har abokina ya daina tauna.

Bayan la'asar sakaliya muka shiga Sakkwato. Mai masaukinmu tsohon abokina ne da muka yi kwas tare a Kaduna, ma'aikaci a sakatariya, ɗan gidan malamai ne na cikin gari. Shi ma yana taɓa jita, amma ba a gidansu ba. Ya kama ɗaki a Mabera, can gefen gari inda ake ta sabbin gine-gine, wai don ya fi kusa da ofis, alhali kowa ya san don jitarsa ta sami wurin kwana ne. Yana ganinmu ya ce, “Kun zaka lahiya? Ƙaƙa hanya? Ku taho ku ɗebe gajiya, jita ba ta gudu.” Abokina da bai saba jin Sakkwatanci ba ya yi ta murmushi, har sai da na taka masa ƙafa.

Aka kawo mana fura da nono mai sanyin randa, daga baya tuwon shinkafa ya biyo daga gidansu. Ban taɓa shan fura irin ta garin nan ba, wannan kam zan faɗa ko a gaban Zazzagawa. Mai masauki ya so in kwance jitar ya gani. Na ƙi. Na ce ba mai taɓa ta sai a gaban Malam, don hannu da yawa shi ke kawo ƙwarzane. Ya ji haushi kaɗan amma ya haɗiye. Muka shimfiɗa tabarma a waje, don ɗakin ba ya kwantuwa saboda zafi. Jitar ita na bari a ciki na kulle.

Da safe labari ya riga ya zaga. Makaɗan jita a Sakkwato ba su da yawa, kuma duk sun san juna. Kafin mu gama shan koko mutum biyu sun iso ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida. Ɗaya ɗan sanda ne mai kiɗa a ƙungiyar badujala, ɗayan kafinta ne mutumin kudancin Zariya da ke kaɗa jita a cocinsu. Na fito da ita a naɗe na jingina da bango. Ba wanda ya ga ko kalarta, amma wannan bai hana kowa yanke hukunci ba.

Ɗan sandan ya ɗaga ta ya jijjiga, ya ce nauyin ya yi yawa, ta da ba ta kai haka ba. Na tambaye shi ko ya taɓa riƙe ta da. Ya ce a'a, amma wani sajan da suka yi aiki tare a Inugu ya taɓa. A ganinsa kamfanin ya riga ya canja hannu, tsofaffin ma'aikata sun mutu, abin da ya rage suna ne kawai ake sayarwa. Kafinta kuwa ta wajen katako ya ɓullo. Ya ce a zamanin da, katako sai ya shekara da shekaru yana bushewa kafin a taɓa shi, yanzu kuwa a tanda ake gasa shi don sauri, kuma ɗanyen katako ba ya waƙa. Shawararsa in sayi ta Japan, wadda kwaikwayon wannan ɗin ce, kuɗinta bai kai rubu'i ba, in an haɗa ta da lasifika a cikin hayaniyar kulob ko wanda ya ƙera ba zai bambance ba. Ɗan sanda ya ce ta Japan kwano ce, suka kaure da musu. Mai masaukinmu ya bari sai da suka gaji, sannan ya ce, “Ni dai abin da nis sani, 'yan kasuwa sun ji an ba mu kuɗɗi. Da ba a yi ariyas ba, wagga jita ba ta kai rabin hakan ga.”

Gaskiya maganarsa ta fi ta kowa shiga raina. A Kaduna ma haka aka yi ta yi da ni, wannan ya ce fentin ba shi ba ne, wancan ya ce wuyan ya fi kauri, wani ya ce ai araha ba ta ado, in saya kawai. Na gaji da jin ra'ayi. Ina zaune ina kallon magina a gidan da ke fuskantarmu suna ɗora bulo, wani mutum da ɗansa suna tsaye suna nuna inda taga za ta zauna. A nan na yanke a raina cewa ko me Malam ya ce mayar da ita zan yi. Zan dai kai masa ya gani, tunda na zo, in gaishe shi, in koma in biya fili. Da na yanke haka sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Mai masauki ya ɗauke ni a babur ɗinsa zuwa unguwar Minanata, inda Malam yake. Abokina ya ce shi kasuwa za shi neman kilishi. Na saɓa jitar a baya da igiya kamar goyo. Gidan Malam ƙarami ne, da bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Mama, matarsa, ta gane ni bayan ta ɗan ƙura mini ido, ta yi ta tafa hannu tana cewa yaron nan ya yi gemu. Hausarta ta zama wani gauraye mai daɗi, rabi Filato rabi Sakkwato. Ta ce Malam ya tahi Wamakko tun da safe wajen albasarsa, ana cira, ƙila sai yamma.

Da mun yi hankali da mun zauna a inuwar lemun nan mun jira. Amma ni ina ƙirga ranar mayar da kaya, don haka na ce mu bi shi. Muka kama hanyar Wamakko da tsakar rana, hayaƙin kamfanin siminti na tashi a gefe, jakuna ɗauke da buhunan albasa na ta shigowa gari. Rana ta doki jitar, jitar ta doki bayana, rigata ta manne da leda. Fadamar kuwa kyakkyawa ce, kore shar a tsakiyar wannan ƙuna, mutane na ta cirar albasa suna tarawa. Muka yi ta tambaya daga gona zuwa gona, ina gonar Malam mai jita. Kowa ya san shi. Da muka same ta aka ce yanzun nan ya hau a-kori-kura ya koma gari da kayansa. Wato mun yi saɓani a hanya. Muka sayi soyayyen kifi a bakin gulbi muka ci a tsaye.

Sai bayan la'asar muka sake sallama a Minanata. Malam na zaune a kujerar katako yana jiƙa ƙafafunsa a cikin daro. Ya tsufa fiye da yadda na zata. Na durƙusa na gaishe shi, ya kama kaina da hannu biyu yana dariya, ya tambayi mahaifiyata da aiki da iyali. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, da abin da kafinta da ɗan sanda suka ce, ya ce in shigo da ita falo, a nan ne akwai tebur.

Na kwance igiya. Na ja bakin ledar, ta ƙi tahowa. Na ɗauka gumi ne ya riƙe ta, na ƙara ja, sai ta fara ɗagowa da wata ƙara irin ta filasta in ana ɓamɓare ta daga ciwo. Gaban jitar lafiya lau, inda takarda ta rufe. Da na juya bayanta sai na ga fentin ya yi laushi kamar ɗanko, ƙyallin ya mutu, kuma furannin ledar nan sun fito raɗau a jikinsa tun daga ƙugu har gindin wuya. Na sa gefen rigata na goga, abin ya ƙara dagulewa. Malam ya riƙe mini hannu ya ce in bari.

Na zauna a ƙasa. Ba jitar nake gani ba, filin nake gani, da fuskar maiɗakina. Mai masaukina ya yi ta salati a bakin ƙofa.

Malam ya tashi da ƙyar ya shiga ɗaki, ya fito da tasa a cikin wani tsohon bargo. Ya kwantar da ita kusa da tawa ya kife ta. A bayanta akwai wani babban tabo mara ƙyalli, da layi-layi a jikinsa, ya tsufa har ya yi ruwan toka.

“Rigar ruwa ce ta roba,” in ji shi. “Shekarar da aka kawo ni garin nan, a bayan babbar mota, na naɗe ta don kada ruwa ya taɓa ta. Tsohon fenti ba ya shiri da roba ko leda, balle ga zafi. Na yanzu, irin na Japan, ko a me ka naɗe shi ba ruwansa. Ɗana, in tambayarka ita ce ko sun yi ta irin ta da, to ga amsa. Har cutar sun kwaikwaya.”

Ya yi dariya, ni ma na yi, irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Daga nan ya duba ta a tsanake, kamar ba abin da ya faru. Ya auna wuyan da tafin hannunsa ya ce ya ɗan fi nasa kauri, ko da yake nasa hannu ne ya cinye shi. Ya shinshina ta. Wuta ba ta nan, an ɗauke tun rana, don haka ya dafa kan jitar a jikin ƙofar kabad, ya kaɗa waya ɗaya, ya kara kunnensa a katakon kabad ɗin yana saurare har sautin ya mutu. Ya yi wa tasa haka. Ya ce katakon mai kyau ne, ba ɗanye ba ne, kafinta ya yi haƙuri. Nauyi kuwa tasa ma ta fi, ɗan sanda ya yi haƙuri. A kan kuɗi ne ya girgiza kai. Tasa a wajen wani Baturen haƙar kuza ya saye ta a Jos, da zai koma gida, a kan abin da bai kai kuɗin keke ba, don a lokacin an ce tsohon yayi ce, ta cika nauyi, ba mai so. Ya ce yanzu an dawo ana sayar mana da tsufan da jitar ba ta yi ba.

Dab da magariba aka kawo wuta. Ya sa aka jawo lasifikarsa daga ƙarƙashin gado. Tasa jitar ta daina magana tun bara, wani abu ya mutu a cikinta kuma ba mai gyara a garin. Ya haɗa tawa, ya ɗora a cinya, ya fara wani kiɗa da yake yi mana a ranar rufe makaranta. Tun ina yaro wannan sautin ke kunnena, shi nake bi duk shekarun nan, shi ya kai ni kantin ɗan kasuwa. Na kasa kunne ina jira in ji shi. Yatsun Malam sun sandare, suna isa wurin a makare, waya na zillewa. Ya yi rabi ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Ya dubi hannunsa ya ce sanyin ƙashi ne, ya miƙo mini. Na kaɗa, kuma muryarta tana da daɗi ƙwarai, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma ba abin da nake tunawa ba ne. Mama ta tsaya a bakin labule tana share ido da gefen zane.

Da za mu tafi na tambaye shi, da a ce ba ta lalace ba, me zai ce mini. Bai yi wani tunani ba.

“Da na ce ka sayi fili. Ni da nake da ta gaskiyar, gidan nan da albasa na gina shi.”

Washegari muka kamo hanya. Ledar na bar ta a Mabera, mai masauki ya ce ko a teburinsa ba ya son ganinta. Mama ta ba ni tsohon zanin gado na auduga na naɗe jitar, ta kuma haɗa mu da albasa rabin buhu, wadda ta cika motar da wari har Kaduna. Abokina ya yi ta ƙoƙarin ba ni baki. Ya ce ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama, dama ina son jitar, yanzu ba mai cewa na zaɓe ta a kan fili. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Da ni na zaɓa da na san abin da zan faɗa a gida. A shingen sojojin ba su ko dube mu ba. Kafin nan taya ta fashe mana kusa da Tsafe, muka zauna a gindin wata tsamiya har direba ya nemo mai faci.

Ban wuce gida ba sai da na biya kantin, ko da na san amsar. Ɗan kasuwar ya juya bayan jitar, ya dube ni, ya nuna mini ƙofa da ladabi. Ban yi masa musu ba, sharaɗi sharaɗi ne. Na aika wa mai fili cewa kada ya jira ni.

Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma na samo nawa da tsada. Na koyi cewa maimaicin nan gaskiya ce, masu cewa jabu ce ba su san abin da suke faɗa ba, masu cewa kuɗinta sun yi yawa kuma sun yi gaskiya. Na koyi cewa ba kowane sabon abu ne ke son leda ba. Abin da ya fi zauna mini shi ne, kamfani na iya sake ƙera katako da fenti da waya, amma abin da na ji ina yaro a filin makaranta ba a kanti yake ba, yanzu ko a hannun Malam babu shi. Duk mai niyyar sayen irinta a cikinku ya zo ya ga tawa tukuna, ya kuma tambayi kansa me yake nema.

Maiɗakina na tsakar gida tana tankaɗe da na shiga. Ta yi mini sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta jira na sha. Sannan ta tambayi abin da Malam ya ce. Na ce ya ce ita ce. Na kwance zanin na juya mata bayan jitar, na faɗa mata komai tun daga Gusau. Ta daɗe tana kallon furannin, har ta sa yatsa ta shafa ɗaya. Na so ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ta miƙe ta kakkaɓe garin da ke zaninta, ta leƙa ɗakinmu na haya ta dubi rufin.

“To, sai ka nemi ƙusa ka rataye ta ta wajen gabas,” in ji ta. “Can ne ba ya yoyo. Damina ta kusa, kuma a nan za ta same mu.”